Yadda Ake Feɗe Kalmar Turanci

Tambaya: "Malam, ni ɗaliba ce a shekarar farko a kwalejin horar da malamai, Turanci nake karanta. An fara mana darasin ginin kalma. Malaminmu ya ce *unhappiness* abu uku ne a haɗe, amma *understand* abu ɗaya ne. Ni kuwa ga *under* ga *stand* ina ganin su ƙuru-ƙuru. To yaya ake gane inda za a yanka kalma? Kuma me sanin wannan zai ƙara mini tunda ga ƙamus?"

Amsa:

'Yata, kin taɓo wurin da masana da kansu suke sa-in-sa a kai. Malaminki yana da hujja, ke ma idonki bai yaudare ki ba. Amma bari mu ajiye *understand* a gefe tukuna, sai mun wasa wuƙa mu dawo mata.

Mu fara daga gida. Idan na ce miki noma, manomi, manomiya, manoma, ba sai an faɗa miki ba kin san akwai wani abu guda da yake zaune a cikinsu duka, wato *nom*, sauran kuma ƙari ne da aka manna masa gaba da baya. Wannan *ma-* ɗin na farko kin san aikinsa, domin kin ji shi a maɗinki da maƙeri da mahauci. Haka Kano, Bakano, Bakanuwa, Kanawa, Kananci. Kowane ɗan guntu a cikin waɗannan yana ɗauke da wani abu na ma'ana ko na aikin nahawu, kuma idan kika sake tsaga shi, ma'anar ta watse. Wannan guntun da ba ya ƙara tsaguwa shi malaman Hausa suke kira ƙwayar ma'ana, shi ne Turawa suke ce wa *morpheme*. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Foland, Baudouin de Courtenay, ya ƙirƙiro sunan wajen 1880, amma aikin ya girme wa sunan nesa ba kusa ba. Panini ya yi wa harshen Sanskrit irin wannan fiɗa a Indiya tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, Sibawaihi kuma ya yi wa Larabci a Basra a ƙarni na 8. Idan kin taɓa zama gaban malamin sarfu yana juya kataba, katib, maktub, maktab, to kin riga kin shiga wannan fanni ta wata ƙofar.

Yanzu *unhappiness*. Tsakiyarta *happy*, ita ce saiwa. An ɗafa mata *un-* a goshi, mai kore ma'ana, sannan *-ness* a ƙeya, mai mayar da sifa suna. Uku ke nan, kamar yadda malaminki ya ce. Harafin *y* da ya koma *i* kada ya dame ki, al'adar rubutu ce kawai, a baki babu abin da ya canza.

Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai shi ne haɗa ƙwayar ma'ana da gaɓa. Mahauci a gaɓa yake sa wuƙa, amma mai fiɗar kalma idan ya bi gaɓa ya ɓata nama. Gaɓa lissafin furuci ce, babu ruwanta da ma'ana. *Banana* gaɓa uku ce, ƙwayar ma'ana ɗaya, domin *ba* ko *na* ba sa nufin komai a cikinta. *Cats* gaɓa ɗaya ce, ƙwayoyi biyu: kyanwa da alamar jam'i. *Sixths* ma gaɓa ɗaya ce, amma uku ne a ciki: *six*, da *-th* mai nuna matsayi ko kashi, da *-s*.

To ta yaya za ki san yankanki ya faɗa daidai? Tambaya biyu za ki yi wa guntun da kika cire. Shin yana fitowa a wasu kalmomin da wannan ma'ana ko wannan aiki? Kuma abin da ya rage bayan kin cire shi, yana da dangantakar ma'ana da kalmar da kika fara da ita? Gwada da *teacher*. Cire *-er*: yana nan a *driver* da *farmer* da *writer*, ko'ina yana nufin mai yin abu, daidai da *ma-...-i* namu. Abin da ya rage, *teach*, koyarwa ne, kuma malami mai koyarwa ne. Yanka ya yi. Yanzu gwada da *corner*. Idan kika cire *-er* za ki sami *corn*, kalma ce ta gaske, masara, amma kusurwa ba mai yin masara ba ce. Yanka bai yi ba. Haka *finger* da *brother* da *hammer*. Haka *carpet*: ga mota ga dabbar gida a cikin haruffanta, amma darduma ba ta san da zamansu ba. Sannan ki lura, *-er* na *taller* ba shi ne na *teacher* ba. Kama ce kawai ta haɗa su, ɗaya yana nuna fifiko, ɗaya yana nuna mai aiki. Kama da wane ba ta wane.

Daga nan ƙwayoyin sun rabu gida biyu. Akwai masu zaman kansu, irin su *book*, *run*, *happy*, *the*, *of*. Akwai kuma waɗanda ba sa iya tsayuwa sai sun jingina da wani, irin su *un-*, *re-*, *-ness*, *-ed*. Duk ɗafi, wato guntun da ake manna wa saiwa, yana cikin kashi na biyu. Turanci yana da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya da yawa, amma ɗafa-ciki irin wanda malaman Hausa suke nunawa a jam'i kamar gurgu da guragu, ko turmi da turame, kusan babu shi a daidaitaccen Turanci.

Abin da ya fi rikita mai koyo shi ne, har saiwa ma akwai wadda ba ta tsayuwa ita kaɗai. Dubi *receive*, *deceive*, *conceive*, *perceive*. Babu kalmar *ceive* a Turanci, kuma idan kika tare Bature a hanya kika tambaye shi ma'anarta, sai ya yi ta sosa kai. Amma duba yadda suke komawa suna: *reception*, *deception*, *conception*, *perception*. Duk huɗun sun juya iri ɗaya, *-ceive* ya koma *-cept-*. Haka *permit*, *submit*, *admit* suke ba da *permission*, *submission*, *admission*. Wannan juyi na bai-ɗaya shi ne shaidar cewa abu guda ne yake zaune a cikinsu, ko da ma'anarsa ta dushe. Riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba.

Dalilin wannan rikici tarihi ne. Asalin Turanci harshe ne na dangin Jamusanci, wanda ƙabilun Angles da Saxons da Jutes suka tsallaka da shi tsibirin Birtaniya tun wajen ƙarni na 5. A 1066 Normawa suka zo daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnuka. Latin kuma dama shi ne harshen coci da na ilimi, daga baya masana kimiyya suka riƙa ɗebo Girkanci suna ƙera sababbin kalmomi. Sai Turanci ya zama gida mai hawa-hawa. Kalmomin ƙasa, na cin abinci da barci da noma, na gado ne, gajeru, masu tsayuwa da ƙafarsu. Na sama, na kotu da asibiti da jami'a, an aro su ne da kayansu a ɗaure, kuma saiwoyinsu sun baro 'yancinsu a Latin. Shi ya sa haƙori *tooth* ne amma likitansa *dentist*, sarki *king* ne amma abin da ya shafe shi *royal* ko *regal*. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, tunda mu ma kalmominmu na shari'a da addini da karatu da yawa daga Larabci suka zo. Har ɗafin ma yakan nemi ɗan garinsu: *un-* da *-ness* na gado ne, *in-* da *-ity* na Latin ne. Wani lokaci kalma ɗaya takan raba ƙafa, ki ga *unable* amma *inability*, *unjust* amma *injustice*, *unequal* amma *inequality*. Wannan babu wata doka da za ta cece ki, sai sabo.

Rabuwa ta biyu, wadda ta fi fitowa a jarrabawa, ita ce tsakanin tsira da kumbura. Ɗafin tsira sabuwar kalma yake haifarwa, wadda za ta sami nata gurbi a ƙamus, kuma sau da yawa yakan canza ajin kalmar: *teach* aikatau, *teacher* suna, *nation* suna, *national* sifa, *nationalize* aikatau, *nationalization* ya sake komawa suna. Ɗafin kumbura kuwa ba ya haifar da sabuwar kalma, riga kawai yake sa mata don ta dace da jimla. *Teachers* ba wata kalma ba ce daban da *teacher*, yawa kawai aka nuna.

Ga albishir: ɗafin kumbura a Turancin yau takwas ne kacal, kuma duk a ƙeya suke. Suna yana da biyu, *-s* na jam'i da *-'s* na mallaka. Aikatau yana da huɗu: *-s* na mutum na uku tilo kamar a *she walks*, da *-ed* na shuɗaɗɗen lokaci, da *-ing*, da *-en* ko *-ed* da ke biyo bayan *have* kamar a *has eaten*. Sifa tana da biyu, *-er* da *-est*. Shi ke nan. Tsohon Turanci na shekara dubu da suka wuce ya fi haka kaya sosai, yana da jinsi uku da ƙarshe iri-iri ga suna gwargwadon aikinsa a jimla, amma duk sun zube a hanya. Idan ɗalibaina suka fara kuka da jam'in Turanci nakan ce su tausaya wa Baturen da ya zo koyon Hausa, wanda za a ce masa gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, ƙasa ƙasashe, sa shanu, sannan ya tambayi doka a yi masa murmushi.

Kuma akwai tsari wajen jera su: tsira take fara shiga, kumbura ta rufe ƙofa. *Teach*, sai *-er*, sai *-s*. Ba za ki taɓa jin an sa jam'i kafin *-er* ba. Inda za ki ga *-s* a tsakiya, kamar *mothers-in-law* da *passers-by*, harɗaɗɗun kalmomi ne, jam'in ya je ya sami uwar tafiyar ne a inda take zaune.

A nan zan ɗan daɗe, domin wurin ne masu Hausa suka fi tuntuɓe, kuma ba a rubutu ba, a baki. Ƙwayar ma'ana ɗaya tana iya fitowa da fuska fiye da ɗaya, gwargwadon maƙwabcinta. Jam'in *-s* a takarda ɗaya ne, a kunne uku ne. A *cats* da *books* ana jin *s*. A *dogs* da *bags* da *boys* ana jin *z*. A *buses* da *churches* da *judges* ana jin *iz*, gaɓa guda cur ta ƙaru. Ɗora yatsunki a maƙogwaro ki ja sautin *s*, sannan ki ja *z*. A na biyun za ki ji yana karkarwa. Idan sautin ƙarshe na kalmar mai karkarwa ne, jam'in ya bi shi ya zama *z*. Idan ba mai karkarwa ba ne, ya zama *s*. Idan kuma shi kansa sautin dangin *s* ne, sai a sa wasali a tsakani don kada su haɗiye juna. Haka *-ed* yake: *t* a *walked* da *stopped*, *d* a *played* da *begged*, sai bayan *t* ko *d* kaɗai ake jin *id*, kamar *wanted* da *needed*. Mu kuwa da yake Hausa ba ta son baƙi biyu su cunkushe a ƙarshen kalma, sai mu bi haruffa mu ce "wokid", ko kuma mu yar da ƙarshen gaba ɗaya. Wanda ya saba yar da shi a baki, wata rana zai yar da shi a takardar jarrabawa.

Wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta yi wani gwaji a 1958 da har yau ake koyar da shi. Ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta raɗa mata sunan da babu shi a Turanci, *wug*, ta nuna wa ƙananan yara. Sannan ta nuna musu guda biyu ta bar su su ƙarasa jimlar. Yaran suka ce *wugs*, da sautin *z*. Ba su taɓa jin kalmar ba balle a ce haddacewa suka yi. Dokar ce take zaune a kansu ba tare da sun san sunanta ba. Ke ma idan na ƙirƙiro aikatau na ce miki "zulma", na tambaye ki sunan mai yin sa, kafin na rufe baki za ki ce mazulmi.

Irin wannan sauyin fuska ne ya sa *in-* mai korewa yake zama *im-* a *impossible*, *il-* a *illegal*, *ir-* a *irregular*. Naso ne, irin wanda yake sa mu rubuta gidan Bala amma mu furta "gidam Bala", kuma irin wanda yake sa lam ɗin Larabci ya narke a gaban harufan rana, a ce *ash-shams*. Ba ɗafi huɗu ba ne, ɗaya ne da riguna huɗu.

Sai 'yan tawaye, waɗanda suka ƙi bin *-s* da *-ed*. Yawancinsu ba tawaye suka yi ba, tsofaffin dokoki ne da suka mutu suka bar marayu. *Foot* da *feet*, *man* da *men*, *mouse* da *mice*: a zamanin da, akwai wani wasali a ƙarshen jam'in wanda ya ja wasalin tsakiya zuwa gare shi, daga baya shi ya faɗi, tabonsa ya rage. *Oxen* ragowar jam'in *-en* ne wanda a da yake gogayya da *-s*. William Caxton, wanda ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi *egges* wurin wata mata, ta ce masa ita ba ta jin Faransanci, sai da wani ya ce *eyren* sannan ta gane ƙwai ake nema. Dukansu Turawan Ingila ne, jam'i da kalma ne suka raba su. *Children* kuwa jam'i biyu ne aka ɗora wa juna, tsohon *-r* sannan *-en* a kansa. *Went* ma ba ɗan gidan *go* ba ne sam, daga wani aikatau *wend* aka ɗauko shi aka ba shi riƙo. *Sheep* ba ya canzawa ko kaɗan. Wajen lissafi, malamai da yawa za su ce miki *feet* ƙwaya biyu ce, ƙafa da jam'i, ko da yake babu inda za ki sa wuƙa ki raba su.

Akwai wani abu da ɗalibai ba sa lura da shi sai an nuna musu: guntayen kalma ba jere kawai suke kamar tsakiya a zare ba, hawa-hawa ake ɗora su, kuma ba a ɗora jinka kafin a tayar da bango. A *unhappiness*, *un-* ya fara kama *happy* aka sami *unhappy*, sannan *-ness* ya zo ya rufe duka. Mun san haka ne domin wannan *un-* ɗin sifa yake kamawa, ba kasafai yake kama suna ba. Akwai kuma wani *un-* na daban mai kama aikatau, shi ba korewa yake yi ba, warwarewa yake yi: *tie* ɗaure, *untie* kwance. Yanzu dubi *unlockable*. Idan *unlock* aka fara ginawa sannan aka ƙara *-able*, ƙofa ce da za a iya buɗewa. Idan kuwa *lockable* aka fara ginawa sannan *un-* ya zo, ƙofa ce da ba ta kulluwa. Haruffa ɗaya, guntaye uku iri ɗaya, ma'ana biyu masu hannun riga. Wanda zai sayi ƙofar shago gara ya tambaya wacce ake nufi.

Tarko kuma suna nan. Wanda ya fi haɗari shi ne *inflammable* da ake rubutawa a jikin tankar mai. Mai ɗan sani zai ce *in-* korewa ne, saboda haka ba ya kamawa da wuta. Ina! Wannan *in-* ɗin wani ne daban, na *inflame* da *inject*, mai nufin shiga ciki. Kalmar tana nufin abu mai saurin kamawa da wuta, kuma saboda wannan ruɗani ne masu kula da kariya suka fi son a rubuta *flammable*. *Invaluable* ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi ne. *-ly* yawanci bayanau yake ginawa, amma *friendly* da *lovely* sifofi ne, kuma *hardly* ba ya nufin da ƙarfi, yana nufin da ƙyar. Wanda ya rubuta wa mai gidansa cewa *I hardly work* yana neman yabo, ya kai ƙarar kansa.

Ɗafi ba shi kaɗai ne hanyar gina kalma ba. Ana harɗa kalmomi biyu, kuma a Turanci ta dama ce uwa: *houseboat* jirgin ruwa ne, *boathouse* ɗaki ne. Mu a Hausa ta farko ce uwa, gidan sauro, jirgin ƙasa, shi ya sa mai fassara da gaggawa yakan juya su. Suna da irin namu na fasa-ƙwauri da hana-salla, masu farawa da aikatau, kamar *pickpocket* da *scarecrow*, amma kaɗan ne. Ana gutsure kalma, *exam*, *lab*, *phone*. Ana narka biyu su zama ɗaya, kamar *smog* daga *smoke* da *fog*, wadda ta bazu a farkon ƙarni na 20 saboda hayaƙin Landan. Ana kuma ɗaukar suna a mayar da shi aikatau ba tare da an ƙara masa komai ba, kamar *to email*, wani lokaci nauyin murya kawai yake matsawa, kamar *record* suna da *record* aikatau.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne inda jama'a suka yanka kalma a gurbin da ba nan ne mahaɗinta ba, kuma yankan ya zauna. *Hamburger* daga sunan birnin Hamburg na Jamus take, babu ruwanta da *ham*. Amma masu Turanci suka ga *ham* a gaba, suka yanke, sai ga *burger* ta zama kalma, ta haifi *cheeseburger*. *Helicopter* a Girkanci *helico* ne da *pter*, murɗaɗɗen abu da fiffike, amma aka yanka ta *heli* da *copter*, aka sami *helipad*. *Apron* a da *napron* ce, *a napron* ya koma *an apron*. Watergate sunan wani gini ne a Washington, tun abin kunyar siyasa da ya taso daga ginin a 1972 kuwa *-gate* ya zama ɗafin da ake liƙa wa kowace badaƙala. Hollywood unguwa ce a Los Angeles, daga ita aka ciro *-wood* aka yi Bollywood da Nollywood da Kannywood, wadda ƙamus ɗin Oxford ya shigar a watan Janairun 2020 cikin kalmomin Turancin Nijeriya 29. Kada ki yi musu dariya, mu ma mun yi. Mun aro *mechanic*, kunnen Bahaushe ya ji farkonta kamar *ba-* na Bakano da baduku, sai ga bakanike, jam'insa kanikawa, sana'arsa kanikanci. A littafi da alƙali da labari kuwa akasin haka muka yi, muka haɗiye *al-* na Larabci tare da kalmar, kamar yadda Turawa suka yi a *algebra* da *alcohol*. Direba a Turanci ƙwaya biyu ce, da ta shigo Hausa ta dunƙule ta zama ɗaya, muka ba ta namu jam'in, direbobi.

Wannan ne ma ya sa ba na saurin tsawata wa wanda ya ce *trafficate* idan zai kunna sigina. An ciro ta ne daga *trafficator*, wato ita siginar motar, daidai yadda Turawa suka ciro *edit* daga *editor* da *televise* daga *television*. Ginin babu aibi, sai dai Baturen Ingila bai san ta ba, mai duba takardar jarrabawa kuma zai ja mata jan layi. *Informations* da *equipments* da *furnitures* matsalarsu daban ce: ɗafin daidai ne, amma an sa shi a kan sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa.

Kika ce ga ƙamus. Ƙamus ba ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma mai karatu da yake tsayawa kowane layi ya buɗe ƙamus ba ya kai ƙarshen shafi. Idan kin san *hyper-* wuce kima ne, *hypo-* kasawa ne, ba za ki rikita *hypertension* da *hypotension* ba, hawan jini da faɗuwarsa. Idan kin san *-itis* kumburi ne, *hepat-* hanta, *cardi-* zuciya, *-logy* fannin ilimi, rabin takardar asibiti ta buɗe miki. Ƙarshen kalma yana faɗa miki ajinta tun kafin ki san ma'anarta: *-tion*, *-ment*, *-ity* suna ne, *-ous*, *-ive*, *-ful* sifa, *-ize* da *-ify* aikatau. A tambayoyin cike gurbi wannan kaɗai yakan kore miki zaɓi biyu cikin huɗu. Rubutu ma yana gyaruwa. *Misspell* tana da *s* biyu domin *mis-* ne da *spell*. *Disappear* tana da ɗaya domin *dis-* ne da *appear*. *Unnecessary* tana da *n* biyu, *really* tana da *l* biyu, duk dalili ɗaya. Harafin *g* da yake kwance shiru a *sign* yana farkawa a *signature*. Fiɗa hasashe take ba ki, ƙamus ya tabbatar, musamman a kalmomi irin su *department*, wadda ma'anarta ta yi nisa da *depart* na yau.

Yanzu mu koma kan *understand*. Sa mata tambayoyinmu biyu. *Under* yana nan a wasu kalmomi, *stand* ma haka. Amma fahimta ba tsayuwa a ƙarƙashin wani abu ba ce. Ta fuskar ma'ana yankan bai yi ba, kuma a nan malaminki ya tsaya: idan ƙwayar ma'ana ita ce guntu mafi ƙanƙanta mai ma'ana, to mai magana a yau ɗungurungum yake ɗaukar *understand*. Ta fuskar tarihi kuwa babu gardama, tun Tsohon Turanci *understandan* haɗi ne na biyu, wasu masana ma suna ganin *under* ɗin a wancan zamani yana nufin tsakani ne. Sai dai tarihi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, in ba haka ba *happy* ma sai mu tsaga ta, tunda daga *hap* take, tsohuwar kalma mai nufin sa'a, wadda ta rage a *mishap* da *perhaps*.

Amma akwai shaida ta uku, irin wadda muka gani a *-ceive*. Mene ne shuɗaɗɗen lokacin *understand*? *Understood*, ba *understanded* ba. Ta bi *stand* da *stood* sau da ƙafa, kamar yadda *withstand* take ba da *withstood*, *undergo* take ba da *underwent*, *forgive* take ba da *forgave*. Da a ce dunƙulalliya ce da babu *stand* a cikinta, da ta karɓi *-ed* kamar kowane aikatau. Kwatanta da *grandstand*, wadda asalinta suna ne, rumfar 'yan kallo a filin wasa. Idan aka mayar da ita aikatau, mai nufin yin abu don a gani a yaba, shuɗaɗɗenta *grandstanded* ne, domin aikataun *stand* ba ya raye a cikinta. A *understand* kuwa yana raye, nahawu yana ganinsa ko da ma'ana ta daina ganinsa. Saboda wannan ni ina cikin masu cewa biyu ce.

A jarrabawarsa, ki rubuta ɗaya kamar yadda ya koyar, ki ƙara layi guda cewa ma'anarta ba ta fitowa daga guntayenta. Idan kuma kin same shi a ofis ba ya cikin sauri, ki gaishe shi, sannan ki tambaye shi cikin ladabi me ya sa ba a cewa *understanded*.